Hoton barkwancin yuraniyom ya haɗa ni da kawuna, wai shi wasa ma sai an bincika?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba, don yau kwana uku ke nan abin yana cina a rai.

Ni ne admin na gurup ɗin danginmu a WhatsApp, mun kai mu sittin, da na nan Maradi da na Tasawa da waɗanda aiki ya kai Yamai har da 'yan uwanmu na Katsina da Kano, kun dai san yadda zumuncinmu yake, iyaka ba ta raba mu ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai kawuna, wan mahaifiyata, ya turo wani hoto. Wani Bature ne cikin kwat ya tsuguna gaban mai ƙosai yana miƙa mata 'yan sulalla, an rubuta a kansa "ba ni kilo guda na yuraniyom, ki riƙe canjin". Can ƙasa kuma da jan rubutu an sa wai shekara da shekaru Faransa tana sayen kilo na yuraniyom ɗinmu a kan 0,80 na yuro, yanzu kuma Nijar ta maida shi yuro 200. Wallahi ni ma na yi dariya sosai, kallon da mai ƙosan nan take yi masa kaɗai ya isa. Amma da dariyar ta lafa sai na ɗauki waya na buga lissafi. Yuro guda sefa 656 ne, to 0,80 ya kama wajen 525, wato ɗari da dala biyar a ƙidayarmu ta nan Nijar, inda dala guda take sefa biyar. Kilo guda na yuraniyom a ɗari da dala biyar! Kuma na tuna wannan maganar ba sabuwa ba ce, tun watan Satumba na 2023 ta yi yawo, masu bin diddigin labarai suka nema suka rasa wata sanarwa da ta ce haka, yanzu dai an yi mata sabuwar riga ne aka sake sakin ta.

Sai na rubuta cikin ladabi na ce, Kawu hoton ya ba da dariya amma lissafin da ke ƙasa ba daidai ba ne, kada mu yi ta partaje. Shi ke nan fa abin da na ce. Kafin la'asar ɗansa ya kira ni ɗan Faransa, wata gwaggona ta yi vokal na minti huɗu tana cewa boko ya cire mini kunya, shi kuwa Kawu bai ce uffan ba, na gaishe shi ta waya sau biyu bai amsa ba.

To abin da nake tambaya, na yi laifi? Hoton wasa in ya zo da lissafi a jikinsa, wasa ne har yanzu ko ya zama labari? In na yi shiru mutum sittin sun ɗauka, in na yi magana na ɓata da uwata ta wajen ɗan uwanta. Ya kuke yi a naku gurup ɗin?

Mai Shayin Fada:

Wa alaikumus salam. Abokina ni dai ba zan ɓoye maka ba, ka yi kuskure. Wa ya ce maka mai yin barkwanci rantsuwa ya yi? Kowa ya ga mai ƙosai a hoton ya san ba a kasuwar yuraniyom ake ba. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma ruwa ba ya tsami banza, in mutane sun yarda da 0,80 cikin sauƙi to akwai abin da suka gani da idonsu ne. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, sama da shekara hamsin, amma har yau a ƙasar nan wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, wato wutar lantarki, a gidansa. Ka je ƙauyukan bayan Gidan Rumji da dare ka gani, tocila ce da hasken waya. Wannan shi ne abin da hoton ke faɗa, kai kuma ka bar jaki kana dukan taiki.

Ka tuna ƙarshen watan Yuli na 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta yanke wuta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗinmu daga can yake zuwa, mu nan Maradi ta layin Katsina zuwa Gazawa. Iyaka a rufe, magani ya yi tsada, masu ƙanƙara da masu walda da teloli duk sun zauna. Me ya riƙe mu a fada a lokacin in ba waɗannan hotunan ba? Mutum ya zo ransa a ɓace, a nuna masa hoto guda ya yi dariya har da hawaye, ya sha shayi ya tafi gida da sauƙi a zuciya. Babu wanda ya tsaya tambayar wa ya haɗa, yaushe aka ɗauka. Talaka ba shi da rediyo nasa ba shi da jarida, wannan ɗan hoton shi ne bakinsa.

Kuma ba yau muka fara ba. A Damagaram akwai wasan kara, mutum ya yi shigar shugaban ƙasa ko gwamna, ana bin sa da bindigogin kara, manya na zaune suna kallo suna dariya. Ka taɓa jin wani ya miƙe ya ce a dakata, wannan ba shugaban ƙasa ba ne? Ka je ka ba Kawu haƙuri kawai.

Mushe na Tibiri:

Ɗan Bagalam, a kan lissafi kana da gaskiya, kuma bari in ƙara maka abin da za ka riƙe a hannu. A 2007, zamanin shugaba Tandja Mamadou, an yi ja-in-ja da kamfanin Areva na Faransa, wanda yanzu ake kira Orano, aka ɗaga kuɗin kilo daga sefa 27.300 zuwa 40.000, a 2008 kuma ya kai 55.000. To ko tsohon farashin nan da Tandja ya ce ya yi kaɗan ya ninka ɗari da dala biyar sama da sau hamsin. Ba a taɓa sayar da kilo a kuɗin ƙosai ba.

Mai Shayi, ƙanena, na ji maganarka kuma zafin da ke cikinta nawa ne ni ma, ina koyarwa a aji da babu ko ƙwan fitila. Amma misalinka na wasan kara shi ne ya kayar da kai. A wasan kara kowa na ganin karan. Bindigar kara ce, tabaran kara ne, babu wanda za a ruɗa, shi ya sa wasa ne. Mai ƙosai a hoton ita ce karan, ban da matsala da ita, a zuguguta yadda ake so. Jan rubutun da ke ƙasa fa? Shi ba a yi shi don a yi dariya ba, an yi shi ne don a yarda, da waƙafi da sifiri kamar daga ofishin minista ya fito. Mutum yana cikin dariya ba ya tsaron ƙofa, sai lissafin ya shige tare da dariyar, gobe ya manta mai ƙosai amma 0,80 na nan zaune a kansa, jibi ɗalibina ya rubuta mini shi a takardar jarrabawa. Ya taɓa faruwa, ba faɗa nake ba kawai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mu da buƙatar ƙarya a wannan maganar. A 2013 Oxfam da ƙungiyar ROTAB ta nan gida sun fitar da rahoto, suka ce cikin darajar yuraniyom ɗin da aka fitar har zuwa 2010 abin da ya shigo hannun Nijar wajen kashi 13 ne cikin ɗari. Wannan bai isa a yi hoto da shi ba? An rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a watan Maris na 2021, an bar tulin dattin ma'adini a Akokan, mutanen Arlit suna ta kuka da shi. Wannan bai isa ba? Amma in ka je gardama da wanda ya san abin ka fito masa da 0,80, minti ɗaya zai karya ta, daga nan duk abin da ka faɗa na gaskiya sai ya ce ai irin waccan ce. Ƙaryar ba Faransa take cuta ba, mu take kwance wa zane a kasuwa.

Haka zancen da ake yawan sawa a hotuna, wai cikin ƙwan fitila uku a Faransa ɗaya da yuraniyom ɗin Nijar yake ci. Shi ma daga wancan lokacin na 2013 ya bazu. Amma in ka duba shekara goma kafin juyin mulkin 2023, wajen kashi 20 cikin ɗari na yuraniyom ɗin da Faransa ke saye ne ya fito daga nan, Kazakistan ma ta fi mu, kuma ba duk wutarsu ce ta nukiliya ba, wajen kashi biyu cikin uku ne. In ka haɗa sai ka ga abin ya fi kusa da ƙwai ɗaya cikin bakwai ko takwas. Ɗaya cikin takwas ɗin ma ai abin kuka ne ga ƙasar da ɗalibanta ke karatu da tocila.

Sai abu na ƙarshe tunda kai ne admin. Akwai doka kan laifukan intanet tun 2019, a 2022 aka sassauta aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, a watan Yuni na 2024 aka maido da shi. Shekara ɗaya zuwa uku a kan zagi ko ɓata suna, biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da aka ce zai ta da hankalin jama'a, ga tara ta miliyoyi. Hoton Kawu bai taɓa kowa a nan ba, amma wanda ya saba tura duk abin da ya ba shi dariya ba tare da ya karanta ba, wata rana zai tura wanda zai kai shi inda bai so.

Uwar Biyu, Zariya:

Ni maganar lissafi na bar wa Mushe, abin da na sani zan faɗa. Ku maza kuna magana kamar kowa na ganin hoton. Innata ba ta karatun boko, waya kuma tana da ita, jikokinta sun sa mata WhatsApp. Ita hoto ba ya isa gare ta a matsayin hoto, wani ne zai gani ya yi vokal da Hausa ya ce jama'a ku ji abin da ke faruwa, to a nan mai ƙosai ta faɗi a hanya, dariyar ta faɗi a hanya, abin da ya rage shi ne "an ce". Kuma in vokal ya fara da salati da sunan Allah, Inna ba ta da dalilin ƙin yarda. Sau nawa ina dawowa daga aiki in tarar ta kasa cin abinci saboda an ce jirage sun taso za a kawo mana hari, ga hawan jini tana fama da shi. Mai Shayi ka ce dariya ta riƙe ku a fada, na yarda, amma a cikin gida abin da ya iso wa tsofaffi ba dariya ba ce.

Yanzu ma abin ya wuce montaj na hoto. A watan Mayu na 2025 an yi ta yawo da bidiyon sabon Fafaroma Leo wai yana yi wa Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso jawabi na yabo, bakinsa na motsi daidai da maganar, sai da fadar Vatikan ta fito ta ce ƙirƙira ce aka yi da kwamfuta. Maƙwabciyata har rantsuwa ta yi mini ta gani da idonta. Kuma ku tuna marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, zancen wai ya mutu an kawo wani Jibrin daga Sudan, ana ta haɗa hotunan kunnensa na da da na yanzu ana dariya, mu nan ma mun sha ganinsu, abin ya girma har sai da shugaban ƙasa guda ya tsaya a Polan a watan Disamba na 2018 yana cewa shi ne da kansa. Har gobe akwai masu cewa ba shi ba ne.

Amma ƙanena Ɗan Bagalam, inda ka yi kuskure daban ne. Kawu uba ne. Ba a gyara wa uba magana a gaban mutum sittin, da surukansa da jikokinsa a ciki. Da ka taka ka je gida, ko ka kira shi ku biyu, ka ce Kawu wannan abin na ji an ce ba haka ba ne, ka bar shi shi da kansa ya goge ko ya gyara. Shi kuwa ɗansa da ya ce maka ɗan Faransa, kai ma ka san taubashinka ne, yana da wannan damar a kanka kamar yadda Bagobiri ke da ita a kan Bazabarme, kada ka riƙe shi. Gwaggo ce dai ta yi zafi, ita ma don ɗan uwanta ta yi.

Alhaji mai wake:

Salamu alaikum. Ɗiyana ni ban iya dogon rubutu ba, yaro na ka rubuta mini. Ni abin ga kuɗɗi ya ci mini, shi ya sa ban ɗaukar shi wasa. Lokacin da anka ruhe iyaka muna da wake da aya jibge cikin sito, kullum ana turo hoton ƙohwar Ɗan Isa da ƙaton kwaɗo an rubuta "gobe in sha Allah", muna dariya don mun san wasa na. Rannan sai ga wata takarda ta zo da tambari da sa hannu, wai an buɗe. Wadda ta zo da dariya mun gane ta, wagga da ta zo da tambari ita ta kashe mu. Munka yi lodi, na biya mota na biya 'yan dako, munka tahi munka iske babu komi, mota ta kwana huɗu ina biyan direba, daga baya munka sauke. Ashe wani yaro na ya zauna da waya ya haɗa. Buɗewar gaskiya sai watan Maris na 2024, Najeriya ta buɗe nata gehe, mu kuma sai bayan kwanaki tara anka buɗe namu. Haka zancen jirgin ƙasa na Kano zuwa Maradi da anka aza harsashi 2021, sau nawa ana turo hoton wani jirgi mai ƙyalli na wata ƙasa a ce ga shi ya iso, mutane na ta rige-rigen sayen hili. Yaro ka yi daidai da ka hwaɗi, amma ka tahi ka durƙusa ma kawunka.

Mai Shayin Fada:

Alhaji Allah ya maida alheri, wannan takardar ai ba barkwanci ba ce, zamba ce, ni ma ban kare ta ba. Mushe na karɓi maganar kara, ta shige ni. Amma akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Kullum hoton talaka ake sa wa ido, a auna shi a ce nan ya ƙara nan ya rage. Alƙawuran da manya suka yi ta yi mana a filin taro tun muna yara fa, wa ya auna su? Kuma da wannan dokar da ka faɗa, yaro zai ji tsoron yin ko wasan da yake na gaskiya ne, ka duba yadda hotunan da ke taɓa na gida suka ragu, saura na Macron da Tinubu don su ba mai kama ka a kansu. Ina tsoron in muka ce kowane wasa sai ya zo da shaida, a ƙarshe wasan ne zai mutu, ƙaryar manya kuma tana nan.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Uwar Biyu maganarki na bi, jiya bayan isha'i na sayi goro na tafi gidan Kawu. Na tarar da shi a ƙofar gida kan tabarma, na durƙusa na ba shi haƙuri, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce shi jan rubutun ma bai karanta ba, idonsa ba ya ganin ƙananan baƙi, mai ƙosai ce ta ba shi dariya ya ce bari 'yan uwa su ma su yi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne matan 'ya'yansa suna cikin gurup ɗin. Na gaya masa lissafin zamanin Tandja da Mushe ya kawo, sai ya ce ai shi ya tuna lokacin, a rediyo ya ji, jaka arba'in, har ya gyara mini yadda abin ya faru da tawayen arewa da ake ciki a shekarar. Hoton dai bai goge ba kuma ban ce ya goge ba.

Mai Shayi tambayarka ta biyu ni ma ba ni da amsarta, na kwana ina juya ta.

Kafin in taso Kawu ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini wani hoton, wasu dogayen motocin soja a jere cikin hamada an rubuta wai sun shigo ta Agadas cikin makon nan, ya ce in duba masa kafin ya tura. Na ce sai na tambaya. Mushe don Allah yaya ake gane ko tsohon hoto ne?

Mushe na Tibiri:

Ka ajiye hoton a wayarka, ka buɗe Google, a gefen wurin rubutu akwai 'yar alamar kyamara, ka taɓa ta ka zaɓi hoton. Zai fito maka da wuraren da aka taɓa sa shi, sai ka duba kwanan wata mafi tsufa da sunan ƙasar. In an yi rubutu a kai ka yanke rubutun tukuna, ka bar motocin kaɗai, ya fi saurin ganowa. Ka duba lambar motocin da kakin sojan ma in suna fitowa. In rezo ya hana ka turo mini ta waya, gobe ba ni da aji sai ƙarfe goma.